67 ko 73? Lambobi biyu da suka raba kan masana sararin samaniya

Sararin samaniya yana faɗaɗa, wannan kam tuni aka wuce wajen, yau kusan shekara ɗari kenan da sanin haka kuma babu wani masanin fiziks da ake ji da shi da yake ja. Rigimar da ake yi yanzu akan saurin faɗaɗawar ne. In ka tambayi masu auna taurari da galaksin da ke kusa da mu (galaksi tarin taurari ne biliyoyi a wuri guda) zasu ce maka 73, in ka tambayi masu karanta tsohon hasken da ya taso tun farkon al'amari zasu ce maka 67 da ɗan ɗori, kuma kowane ɓangare ya kafe cewa kuskuren da zai iya shiga awonsa bai wuce ɗaya ko rabin ɗaya ba. To kaga ai dole ɗayan biyu, ko dai wani yana tafka kuskuren da yau sama da shekara goma ana nemansa ba a gano ba, ko kuma dukkansu daidai suke aunawa, ilimin da ya haɗa awon biyu ne yake da ɓaraka. Ni wannan na biyun ne yasa nake bibiyar maganar nan ba ƙaƙƙautawa, don in ya tabbata to akwai wani abu a cikin halittar nan da har yanzu ko sunansa ba mu sani ba.

Ita lambar sunanta lambar Hubble. 73 ɗin da ake faɗa kilomita ne a sakan ɗaya akan kowane megafasek na nisa, shi kuma megafasek nisa ne da haske, mai gudun kilomita dubu 300 a sakan, sai ya shafe shekara miliyan 3.26 kafin ya ƙure shi. Wato galaksin da ke nisan megafasek ɗaya tana ja da baya da gudun kilomita 73 a sakan, mai nisan biyu 146, mai nisan ɗari 7,300, in kuma ɗaya ɓangaren ne da gaskiya sai ya zama 6,740. Kuma ba wai galaksin ce ke tsala gudu a cikin fili ba fa, filin da ke tsakani ne yake ƙaruwa, shi yasa duk inda ka tsaya haka zaka ga kowa yana ƙara nisa da kai. Maƙwabta na kurkusa banda su, Andromeda ma tahowa take wajenmu sabida janyowar nauyi tsakaninta da tamu galaksin ta fi ƙarfin faɗaɗawar.

Wani zai ce yanzu akan bambancin kashi takwas cikin ɗari ake tada jijiyar wuya? In ya duba tarihin lambar ma sai ya ƙara cewa haka. Georges Lemaître, limamin coci ɗan Beljiyam kuma gwanin lissafi, shi ya fara fitar da ita a 1927 ya samu sama da 600. Edwin Hubble a 1929 da madubin hangen nesa na dutsen Wilson a Kalifoniya ya samu 500, wanda in ka juya lissafin sai ya nuna shekarun sararin samaniya gaba ɗaya wajen biliyan 2 ne, alhali ita ƙasar da muke takawa an tabbatar ta kai biliyan 4.5. Sai a 1952 Walter Baade ya gano ashe taurari iri biyu aka cakuɗa aka ɗauka iri ɗaya ne, nan take nisan galaksi ya ninka, lambar ta faɗo da rabi. A shekarun 1970 da 1980 Allan Sandage ya tsaya kai da fata akan 50, Gérard de Vaucouleurs yace shi 100 ya sani. Raba wannan gardamar na cikin manyan dalilan da suka sa aka harba madubin Hubble a 1990, kuma a 2001 tawagar Wendy Freedman ta fito da 72, da yiwuwar kuskuren 8 sama ko ƙasa. Lura da 8 ɗin nan da kyau, daga 64 zuwa 80 kenan, 67 da 73 duk suna ciki zaune lafiya. Da awo yayi kyau aka matse kuskuren ya dawo ɗaya sai wurin ya kasa ɗaukar su biyun.

Saurin ja da baya bashi da wahalar aunawa. Hasken da ya taso daga galaksi mai nisa miƙewa yake a hanya launinsa ya karkata zuwa ja, sai a tsaga hasken da na'ura a ga layukan haidirojin sun goce daga inda aka san su a ɗakin gwaji, gwargwadon gocewar gwargwadon gudun. Nisa ne jidalin. Ɗigon haske a sama ba zai gaya maka ko ƙarami ne na kusa ko ƙato ne na can ƙuryar nesa ba, kuma babu wata hanya guda da take aiki tun daga nan har can, dole sai an bi hawa hawa, shi yasa suke kiran abin tsanin nisa.

Hawa na farko lissafin kusurwa ne zalla. Miƙa hannunka ka ɗaga babban yatsa, rufe idon hagu ka duba, sai ka buɗe shi ka rufe na dama, zaka ga yatsan yayi tsalle akan bangon da ke bayansa, in ka matso da shi kusa da hanci tsallen ya ƙaru. Haka ake yi wa tauraro, a ɗauki hotonsa yau a sake ɗauka bayan wata shida lokacin da ƙasa ta zagaya ɗaya gefen rana, tazarar kilomita miliyan 300 kenan tsakanin ido da ido, daga ɗan tsallen da yayi a fitar da nisansa. Kumbon Gaia na hukumar sararin samaniyar Turai da aka harba a 2013 yayi wa taurari sama da biliyan ɗaya wannan awon. Akwai ƙarin turaku biyu da basu dogara da Gaia ba. Ɗaya ƙaramar galaksin da ke maƙale da tamu, Babban Gajimaren Magellan, wadda a 2019 aka auna nisanta da wasu taurari tagwaye masu giftawa ta gaban juna aka samu tafiyar haske ta shekara dubu 160 da 'yan kai, kuskuren bai wuce ɗaya cikin ɗari ba. Ɗayan kuma galaksin NGC 4258, inda wasu gajimaren tururin ruwa ke kewaya baƙin ramin da ke tsakiyarta, wato wani dunƙulen nauyi da ko haske baya iya kuɓuce masa, suna fitar da siginar rediyo mai ƙarfi, daga saurin kewayarsu da faɗin da'irar aka samu nisan shekarar haske kusan miliyan 25.

Hawa na biyu shi ne wanda yafi burge ni, kuma akansa aka fi yin faɗa. Akwai wasu manyan taurari da ake kira Sefid, basa zama da haske ɗaya, su kumbura su saki, su yi haske su dushe, akan lokaci tsayayye. Abin da ke faruwa a cikinsu shi ne akwai wani rufin iskar hiliyam ƙarƙashin fatar tauraron, in ya matse yayi zafi sai ya tare hasken da ke son fita, zafi ya taru ya tura rufin waje, in ya buɗe ya huce sai hasken ya samu hanya ya fice, nauyi ya sake dawo da shi ciki, haka dai ba tsayawa. Wanda aka sa musu sunansa, Delta Cephei, da ido ma ana ganinsa ta sashen arewa, duk kwana biyar da 'yan awanni yake zagayowa. Henrietta Leavitt, wata mata da ke aikin duba hotunan gilashi ɗaya bayan ɗaya a ɗakin nazarin taurari na Harvard, ita ce a 1912 ta jera guda 25 daga Ƙaramin Gajimaren Magellan ta nuna cewa duk wanda yafi jinkirin zagayowa shi yafi haske na asali. Wannan ba ƙaramin abu bane. Ka ƙirga kwanakin tauraro ka san ainihin haskensa, ka gwada da ɗan hasken da ya iso maka, tunda an san abu in nisansa ya ninka haskensa raguwa yake sau huɗu, shikenan nisa ya fito.

To amma su Sefid ɗin iyakarsu shekarar haske miliyan ɗari da wani abu, bayan nan madubi baya iya ware su, kuma a wannan ɗan nisan har yanzu galaksi suna jan juna suna ɓata lissafin faɗaɗawa. Sai hawa na uku, fashewar tauraro da ake kira sufanoba nau'in Ia. Wani mataccen tauraro ne ƙarami mai masifar nauyi, girmansa kamar duniyar nan tamu nauyinsa kamar rana, yana samun ƙari daga abokin zamansa har abin ya fi ƙarfinsa ya tarwatse gaba ɗaya, na 'yan makonni haskensa ya kai na rana biliyoyi. Haskensu kusan ɗaya ne, ɗan bambancin da ke akwai ma Mark Phillips ya nuna a 1993 cewa ana gyara shi, don wanda yafi haske yafi jinkirin dushewa. Matsalar ita ce kafin ka san ainihin hasken sufanoba sai ka samu wadda ta fashe a galaksin da ke kusa har ana iya ganin Sefid a cikinta, kuma galaksi guda sai tayi shekara ɗari ko fi ba a ga ko ɗaya ba.

Abin kamar awon hatsi ne a kasuwa, da gwangwanin madara ka san mudu, da mudu ka san buhu, in gwangwanin ya ɗan lotsa ba ka lura ba to kuskuren nan zai bi ka har cikin buhu, kuma ko sau dubu ka sake awon da gwangwanin nan amsa ɗaya zai riƙa baka kana ganin ai ka tabbatar.

Tawagar SH0ES ta Adam Riess, wanda yana cikin mutum ukun da suka karɓi kyautar Nobel a 2011 akan gano cewa faɗaɗawar ƙara sauri take, ta daɗe tana aiki akan tsanin nan. A ƙarshen 2021 suka fitar da sakamakon sufanoba 42 a galaksi 37, iya abin da sama ta bayar kenan a kusa cikin shekara arba'in, suka samu 73.04, kuskure 1.04.

Ɗaya ɓangaren hanyarsu daban ce kwata kwata. A shekara dubu 380 na farko bayan Big Bang, wato farkon faɗaɗawar sararin samaniya, ko'ina cike yake da wuta, ilektiron da furoton suna yawo a warwatse, haske bashi da hanyar wucewa, duk inda ya nufa sai ya ci karo. Da zafin ya sauko wajen digiri 3,000 sai suka haɗu suka zama haidirojin, hanya ta buɗe, hasken ya kama tafiya, kuma shi ne har yau yake iso mana ta kowace kusurwa, ya miƙe ya huce har ya dawo digiri 2.7 sama da ƙarshen sanyi. Arno Penzias da Robert Wilson ne suka ci karo da shi a 1965 a matsayin wani shuuu da ya ƙi fita daga eriyarsu. Hasken nan ba sumul yake ba, yana da dabbare dabbare, wani wuri yafi wani zafi da kamar kashi ɗaya cikin dubu ɗari. Asalin dabbaren sauti ne. Nauyi yana jan abu ciki, matsin haske yana turo shi waje, sai igiyar sauti ta tashi tana gudu da fiye da rabin saurin haske, ranar da hanya ta buɗe wa haske sai igiyar ta daskare a inda ta kai. Nisan da ta samu ta ci kafin ta daskare ana iya lissafa shi da fiziks ɗin da aka sani, a girman yau ya kama megafasek 147, wajen shekarar haske miliyan 480. Kaga an samu ma'auni kenan da aka san tsawonsa. Kumbon Planck da Turai ta harba a 2009 ya auna yadda ma'aunin nan yake bayyana a sama, ya ɗan ɗara faɗin cikakken wata kaɗan, kuma ya auna kusurwar da daidaiton da kuskurensa bai wuce 0.03 cikin ɗari ba. Ka san tsawo ka san kusurwa, nisa ya fito, daga nisan kuma a ciro tarihin faɗaɗawa. Amsarsu ta ƙarshe a 2018 ita ce 67.4, kuskure 0.5.

A nan ne fa mutane da yawa suke zamewa. Planck bai auna saurin faɗaɗawar yau ba. Hoton jariri ya ɗauka na shekara biliyan 13.8 da suka wuce, sannan aka zuba shi cikin tsarin lissafin da ake kira Lambda CDM aka ce to in tsarin nan daidai ne yau ya kamata saurin ya zama 67.4. Shi kuma tsarin cewa yake duk abin da muka sani, taurari da iska da duwatsu da mu kanmu, kashi 5 ne cikin ɗari, kashi 27 wani ɓoyayyen nauyi ne da baya haske amma ana ganin yadda yake jan galaksi, kashi 68 kuma wani ɓoyayyen ƙarfi ne da ke tura fili yana buɗewa, wanda aka ɗauka yawansa a kowane taku na fili baya canzawa har abada. Da lambobi shida kacal tsarin nan ya dace da tarin awon da ba ya ƙirguwa, gaskiya abin a jinjina masa ne, amma dai kashi 95 na abin da ke cikinsa ba wanda ya taɓa kama shi a ɗakin gwaji. Don haka gwada 67 da 73 shi ne jarrabawar tsarin daga farko har ƙarshe, an ce masa faɗi yadda yau zata kasance, ya faɗa, aka je aka auna yau ɗin aka ga ba haka ba.

Tazarar ta kai abin da suke kira sigma 5, ma'ana in babu wani ɓoyayyen kuskure to samun irin wannan bambanci bisa tsautsayi kawai kamar sau ɗaya ne cikin miliyan uku da rabi, matakin da aka kai kenan a CERN, babbar cibiyar gwajin fiziks ta Turai, a 2012 kafin aka yarda an ga ƙwayar Higgs. Sai dai sigma bata san da lotsattsen gwangwani ba. A 2011 gwajin OPERA a Italiya ya ga kamar ƙwayoyin nutirino, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu kusan rashin nauyi, sun riga haske isowa, sigma ta haura 5, ashe wata waya ce ba a ɗaure ta da kyau ba. A 2014 tawagar BICEP2 daga ƙarshen kudancin duniya ta sanar da ganin sawun girgizar farkon halitta, cikin shekara guda aka gano ƙurar galaksinmu ce. Duk wanda ya san waɗannan biyun dole ya taka a hankali.

Shi yasa aka bazama neman kuskure, aka fara da Planck. Madubin ACT da ke hamadar Atacama a Chile da wani a ƙarshen kudancin duniya suka sake auna tsohon hasken daga ƙasa da na'urorinsu daban, amsa ta fito wajen 67 zuwa 68. Abin da yafi wannan ƙarfi ma, sautin nan da ya daskare ya bar sawu a yadda galaksi suka jeru, in ka ɗauki galaksi miliyoyi ka auna tazarar kowace da kowace zaka ga an ɗan fi samun masu tazarar megafasek 147 ɗin nan. Na'urar DESI da ke kan dutsen Kitt Peak a Arizona, mai 'yan ƙananan robot 5,000 da kowanne ke saita zaren gilashi akan galaksi guda, ta auna wannan, aka haɗa da yawan haidirojin mai nauyi da aka dafa a mintunan farko na halitta, ba a taɓa bayanan Planck ba sam, aka samu 68 da rabi. To kaga laifin ba na kumbon Planck bane. Duk hanyar da ta bi ta ma'aunin sautin nan 67 ko 68 take bayarwa.

Sai aka juyo kan Sefid. Babban zargin shi ne cunkoso, a nisan shekarar haske miliyan ɗari madubin Hubble mai faɗin mita 2.4 baya iya raba Sefid da maƙwabtansa sosai, haskensu ya haɗu ya zama ɗigo ɗaya, tauraron ya bayyana yafi yadda yake haske, a ɗauka yafi kusa, lambar Hubble ta hau. Tawagar Riess dama suna cire wannan da lissafi, amma masu shakka suka ce wa ya sani ko cirewar daidai ce. Zargi ne mai ma'ana ƙwarai, kuma da yawa sun zaci a nan maganar zata mutu. Da aka harba madubin James Webb ranar 25 ga Disamba 2021, mai faɗin mita 6.5 kuma mai gani tar a hasken da ke ƙasa da ja, sai aka koma kan taurarin nan sama da dubu, har galaksin NGC 5468 mai nisan shekarar haske miliyan 130. Inda Hubble ke nuna dunƙule guda Webb ya ware su ɗaya ɗaya, aka auna, nisan ya fito daidai da na Hubble. Cunkoso ya fita daga zargi.

Amma Wendy Freedman, wadda yanzu take jami'ar Chicago kuma babu wanda zai koya mata Sefid, bata gamsu ba. Ita ta koma kan wasu taurarin daban, tsofaffin jajayen ƙatti, waɗanda haskensu ke hawa har ya kai wani ƙololuwa tsayayye daidai lokacin da hiliyam ya kama wuta a cikinsu sai ya faɗo. Daɗin su shi ne a gefen galaksi ake samunsu inda babu ƙura babu cunkoso. A 2019 ta samu 69.8, da bayanan Webb ma ta sake samun wajen 70, tsakiyar masu faɗa biyu, kuma da faɗin kuskurenta bai yi hannun riga da Planck ba. Matsayinta shi ne ba a kai inda za a ce sai sabon fiziks ba. Amsar su Riess kuma ita ce galaksin da ta fara aunawa da Webb 'yan kaɗan ne, wajen goma, kuma in ka ɗauki waɗannan goman kaɗai ko da tsohon awon Hubble ne lambar ƙasa take fitowa, wato nisan da ɓangarorin biyu suke samu ga galaksi ɗaya kusan ɗaya ne, wace sufanoba aka sa wace aka bari shi ne ya raba su. Ni a ganina wannan amsar tana da ƙarfi, amma kuma ta tona inda tsanin yake da rauni, duk wannan babbar magana akan fashewa arba'in da 'yan kai ta rataya.

Sauran hanyoyin da basu bi ta Sefid ba yawanci sama suke nunawa. Masu auna gajimaren tururin ruwa a wasu galaksi masu nisa sun samu 73.9 a 2020, kuskure 3. A farkon 2025 Dan Scolnic na jami'ar Duke da abokan aikinsa suka auna nisan tarin galaksi na Coma suka samu megafasek 98 da rabi, alhali in 67 ne gaskiya kamata yayi ya kai wajen 112, kuma shekara da shekaru masu auna Coma ta hanyoyi daban daban kusa da 100 suke samu. Akwai kuma masu amfani da yadda nauyin galaksi ke lanƙwasa hasken abin da ke bayanta ya iso ta hanyoyi biyu ko huɗu a lokuta daban, a 2019 suka ce 73.3, amma da suka sassauta zaton da suka yi akan yadda nauyin ya bazu cikin galaksin sai kuskuren ya buɗe har ya haɗiye lambobin biyu. Wannan darasi ne, ƙaramin kuskure a takarda wani lokacin zato ne aka ɓoye a ciki.

To in duka awon daidai ne, me za a gyara a tsarin? Nan ne masu fiziks na alli da allo suka shigo, an rubuta takardu ɗaruruwa, kuma abin mamakin shi ne yadda tsarin ya ƙi gyaruwa. An ce ko muna zaune ne a tsakiyar wani wawakeken wuri da galaksi suka yi ƙaranci, sai na kewaye suke janye komai waje muke ganin kamar saurin yafi haka, wasu har yanzu suna kare wannan, amma da aka duba sufanoba na nesa da na kusa tasirin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, takwas ake nema. An ce ko ɓoyayyen ƙarfin ne ya ƙara wuta a baya bayan nan, sai jerin galaksi da sufanoba suka ɗaure tarihin shekara biliyan goman da suka wuce tamau babu wajen motsi. Abin da ya rage shi ne a taɓa ma'aunin kansa, in 147 ɗin nan ya ragu da kamar kashi 7 cikin ɗari to lissafin Planck zai hau ya tarar da 73. Hanya ɗaya ita ce a ƙara wata ƙwaya mara nauyi irin nutirino ta huɗu, amma awon Planck ya nuna ukun nan dai da aka sani. Wasu sun kawo maganaɗisun farkon halitta da zai dunƙule iskar ya sa hanya ta buɗe wa haske da wuri. Wadda tafi samun karɓuwa ita ce ta Marc Kamionkowski da Tanvi Karwal da Vivian Poulin da Tristan Smith, cewa akwai wani ɓoyayyen ƙarfin na farko da ya taso wajen shekara dubu 50 bayan Big Bang, ya kai kamar kashi goma cikin ɗari na duk abin da ke akwai, ya hanzarta faɗaɗawa ta yadda sauti bai samu lokacin yin nisa ba, sannan ya ɓace bat. Dabara ce mai kyau amma tana da tambayoyi, me yasa sai a daidai wannan lokacin, kuma tana buƙatar ƙarin ɓoyayyen nauyi wanda zai sa galaksi su dunƙule fiye da yadda ake gani. A 2021 bayanan ACT sun ɗan nuna kamar akwai shi, mutane suka fara murna, da cikakkun bayanan suka fito a Maris 2025 alamar ta tafi.

A cikin wannan Maris ɗin dai DESI ta jefo wani dutsen. Da galaksi da kwasa (quasar, tsakiyar galaksi mai tsananin haske) sama da miliyan 14 suka ce alamu na nuna ɓoyayyen ƙarfin ba tsayayye bane, kamar yana raguwa a 'yan biliyoyin shekarun nan, ƙarfin alamar tsakanin sigma 2.8 da 4.2 ya danganta da wane kundin sufanoba aka haɗa da shi. Na ga mutane suna haɗa wannan da rigimar Hubble kamar an samo maganinta, ba haka bane, in ƙarfin raguwa yake to lambar da za a ciro daga tsohon haske ƙasa zata ƙara yi, tazarar bata rufe ba. Tsaga biyu ne daban a bango ɗaya. Kuma dama shi ɓoyayyen ƙarfin nan tun asali ciwon kai ne, in ka lissafa ƙarfin da ya kamata fili fanko ya ƙunsa da ka'idar kwantam, fiziks ɗin ƙananan ƙwayoyi, amsar tana iya fin abin da ake gani da 1 mai sifili 120 a bayansa.

Ni dai inda na tsaya, na fi karkata ga cewa tazarar gaskiya ce. Dalilina shi ne duk wani kuskure guda da aka nuna da yatsa, cunkoso ne, ƙura ce, sinadaran cikin taurarin ne, awon Gaia ne, an bi shi an duba bai biya kashi takwas ba, kuma kusan duk awon kusa daga 70 ne zuwa sama, da wuya ka ga wanda ya faɗo ƙasa da 67, in da tsautsayi ne ai da sun watsu ta ko'ina. Amma ban yarda da masu cewa magana ta ƙare ba, don abu ne mai yiwuwa ƙananan kurakurai uku ko huɗu su taru su tura gefe ɗaya, lambar gaskiya ta zama 70 ko 71, sigma 5 ta dawo 3, kuma rashin samun ko ka'ida ɗaya da ta gyara abin ba tare da ta ɓata wani wurin ba shi ma shaida ne da ya kamata a sa a sikeli. Freedman tana yi wa fagen nan aikin da yake buƙata ko da a ƙarshe ita ce bata yi daidai ba.

Abin da zai raba gardamar awo ne wanda baya bin tsani kuma baya bin ma'aunin sauti. Ɗakin hangen Vera Rubin a Chile da ya fitar da hotunansa na farko a Yunin 2025 zai tara sufanoba masu ɗimbin yawa, kumbon Euclid yana can tun 2023 yana zana taswirar galaksi, amma wanda nafi sa wa ido shi ne girgizar fili, wato kaɗawar da fili kansa yake yi in abubuwa masu masifar nauyi suka yi karo. Ranar 17 ga Agusta 2017 na'urorin LIGO a Amurka da Virgo a Italiya suka ji karon wasu matattun taurari biyu na nutiron, ita irin wannan girgizar da kanta take faɗin nisanta, don daga yadda sautinta ke hawa ana sanin ainihin ƙarfinta da lissafin Einstein kai tsaye, babu Sefid babu sufanoba. Cikin awanni madubai suka hango hasken karon a galaksin NGC 4993 mai nisan shekarar haske miliyan 130, aka samu saurin ja da bayanta, aka raba, amsa ta fito 70, sai dai kuskuren 12 ne sama 8 ƙasa, ya rufe kowa da kowa. Lissafin da aka yi ya nuna in aka samu irin wannan karon kamar guda 50 da aka ga haskensu kuskuren zai sauko wajen kashi 2 cikin ɗari, wanda ya isa a fara nuna ɓangaren da ke da gaskiya. Wanda aka tabbatar an ji girgizarsa an kuma ga haskensa har yanzu na 2017 ɗin nan ne kaɗai.